Ranar Da Aka Tuhume Ni Da Ilimi

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar korona, ba don cutar ba, sai don a shekarar ce jami'a guda ta zarge ni da ilimi. Ni da na bar makaranta a aji huɗu, na ƙare a direban trotro, wato ƙaramar bas ta haya, tsakanin Nima da Circle.

'Yata Hajara tana karatun haɗa magunguna. Da aka rufe jami'o'i ta dawo gida, karatun ya biyo ta cikin kwamfuta. Har yau ban gane yadda malami ɗaya ke shiga ɗaki ɗari lokaci guda ba. Ɗakinmu ɗaya ne, labule ya raba shi biyu.

Ranar babbar jarrabawa ta ce, "Baaba, doka ce, ba a son kowa a ɗakin. Kamara na kallo, tana kuma ji."

Na ce to. Amma a gidanmu yaro ba ya shiga jarrabawa ba a yi masa tofi ba. Na fita ta gabanta, na cire takalmi, na lallaɓo na tsaya bayan labule. (A lissafina, bayan labule ba ɗaki ba ne.) Na kama karanto addu'o'i ƙasa-ƙasa, in na kai ƙarshe in hura mata. Ashe duk hurawa labulen sai ya kumbura. Ashe kuma yatsun ƙafata suna leƙe ta ƙasa.

Sai na ji muryar mace daga kwamfuta, da Turanci mai zafi. Aka tsayar da jarrabawar. Wai wani na ɓoye yana raɗa mata amsa. In ya tabbata, kora ce, shekara uku na karatu sun tafi.

Hajara ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Uwarta ce ta ce, "Malam, da ka bari Allah Ya ji daga tsakar gida, ai ba kurma ba ne."

Aka kira ni gaban kwamiti, shi ma a cikin kwamfutar. Na sa babbar riga, na fesa turare (wa zai ji, oho). Mutum uku, kowa a ɗan akwatinsa a fuskar kwamfutar. Ban san wanda zan kalla ba, sai na yi ta gaida hotona. Ɗayansu Bahaushen Kumasi ne, shi ke fassara.

Ya ce, "Alhaji, maimaita abin da kake faɗa ran nan."

Na karanto. Ya gyara min wuri biyu.

Shugabar kwamitin ta ce a tambaye ni me na sani game da magani. Nan kaina ya kulle. In na ce ban san komai ba, na zubar da girmana gaban 'yata. In na nuna na sani, na kashe ta. Girma ya rinjaye ni. Na ce, "Na san farasitamol." Hajara ta taka min ƙafa.

Aka sa wata kalma doguwa kamar jirgin ƙasa a fuskar kwamfuta, wai in karanta. Na yi iya ƙoƙarina, wallahi ba wasa nake ba. Na kama farkonta, tsakiyar ta kuɓuce, na ƙarasa da abin da ya zo bakina. Akwati ɗaya ya yi baƙi. Daga baya Hajara ta ce mutumin kashe kamara ya yi don ya yi dariya a tsanake.

Shugabar ta share ido ta yi magana. Mai fassara ya ce, "Kwamiti ya gamsu, Alhaji. Babu yadda za a yi ka taimaki kowa."

Na ce na gode. (Me zan ce?)

Aka ba Hajara damar sake rubutawa, ta kuma ci. Labarin ya riga ni zuwa tasha, har yau kwandastoci Farfesa suke kirana.

Abin da na koya: in yaro ya ce doka ce, to doka ce, ko ba ka gane ba. Kuma kada mutum ya raina jahilcinsa. Shekara hamsin ina ɓoye nawa kamar kuturta, ranar da ya yi min amfani sai da na baje shi gaban farfesoshi uku.