Tiyo na Biyu a Motar Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar kasuwar Shagari, ranar da na tsaya a tashar Bodinga cikin farar shaddata mai sitati, ina yi wa tsofaffin direbobi lacca kan yadda ya kamata mota ta sha mai. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mahaifina direba ne, Modi Direba ake ce masa. Yana da wata akori-kura da ya saya sabuwa gal a zamanin jamhuriya ta biyu, lokacin da abubuwa ke tafiya, ya sa mata suna Amarya. Da aka shiga tsuke bakin aljihu shagonsa na kasuwa ya tafi, gonar fadama ta bi shi, Amarya kaɗai ta rage. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya yi mini karatu har na zama malamin lantarkin mota a wata makarantar koyon sana'a a Sakkwato. Fentinta ya koɗe, ƙofar gefen fasinja da igiya ake ɗaure ta, amma ba a taɓa jin ya kira ta da wani suna ba. (Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce ita dai ba ta taɓa ganin amaryar da ta daɗe tana amarci haka ba.)

Sai aka shiga shekarun wahalar mai. Gidajen mai a rufe, in an buɗe kuma layi har ka manta abin da ya kawo ka, sai 'yan bumburutu a bakin titi da galan-galan. Ita kuwa Amarya da tsohuwar kabiretarta, shan mai take yi kamar raƙumin da ya dawo daga doguwar tafiya. Tun farkon wahalar Baba ya daina zuba mai a tankinta. Ma'aunin mai ya daɗe da mutuwa, ga kuma masu zuƙe wa mutane tanki. Sai ya ajiye wata baƙar jarka a bayan kujera, ya zura tiyo a ciki ya kai shi inji. In yana son sanin abin da ya rage sai ya ɗaga jarkar da hannu ɗaya, in an tashi aiki kuma ya ɗauke abarsa ya kai ɗaki.

Wata Juma'a na zo gida na tarar da mai gwangwan, irin masu sayen tsofaffin ƙarafa, yana zagaya Amarya yana ƙwanƙwasa jikinta. Baba na tsaye gefe, ya kau da kai.

"Baba, mi ya kawo wanga mutum?"

"Ba ni iya ciyad da ita, ɗana," ya ce. "Abin da taka sha ya hi abin da taka kawowa. Na ce mai shi dawo in an sha ruwa."

Watau bayan azumi. Na dubi tsohon nan, na ga yadda yake gudun haɗa ido da motar, sai zuciyata ta karye. Nan take na yi alkawarin da ya fi ƙarfin bakina: na ce ya ba ni dama, zan sa Amarya ta riƙa shan mai kamar babur.

Akwai wani abokina mai zuwa Kwatano, shi ya samo mini kayan injakta, irin wanda ake cire kabireta a ɗora a kan tsohon inji. Akwai fanfo mai aiki da lantarki, da wani ɗan akwati da makanikai ke kira ƙwaƙwalwa, da wayoyi tuli. Yadda abin yake, ita kabireta zuƙo mai take yi yadda ta ga dama. Shi kuwa wannan, fanfo ne ke turo mai da yawa da ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta auna ɗan abin da inji ke bukata ta fesa masa, ragowar kuma, wadda ita ce mafi yawa, ta bi wani tiyo na biyu ta koma inda ta fito.

Duk ƙarshen mako ina Bodinga, kaina cikin bonet. Baba kan shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro yana miƙo mini sifana, yana kallon yadda ake yi wa Amarya tiyata. Ba abin da ban gani ba. Farko ta ƙi tashi sam, ashe wayar da ya kamata ta kama ƙarfen mota a kan fenti na ɗaure ta. Na kankare fentin ta tashi, sai kuma baƙin hayaƙi har kajin maƙwabta suka watse. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya na gano wadda na juya. A duk wannan Baba bai taɓa cewa na ɓata masa mota ba. Sharaɗi ɗaya kawai ya kafa.

"Yi duk abin da kaka so, Malam, amma jarkata ba a taɓa ta."

Na ce an gama. Na zura tiyon fanfo cikin jarka yadda yake so. Shi kuwa tiyo na biyu, mai mayar da ragowa, na bi zanen da ya zo da kayan sau da ƙafa, na kai shi tanki na ɗaure tam, har ina yaba wa kaina kyan ɗaurin. (Na san mai karatu ya riga ya gano abin da zai faru. Ni da takardar shaidata ban gano ba.)

Ranar da muka gwada ta, murɗa makulli ɗaya ta tashi, sautin ya fito sumul ba tari ba gargada. Baba ya sa kunne, ya ɗora tafinsa a kan bonet, idonsa ya ciko. Ban gama jin daɗin abin ba ya ce, "Kashe ta hakanan, mai ba ruwan rijiya ba na." Gwajin da muka yi ke nan duka.

Ranar kasuwa na ci ado na bi shi tasha. Aka loda buhunan albasar Danchadi, fasinja suka hau kansu. Direbobi, abokan Baba, suka taru a ga sabon abu, ni kuwa na ɗage bonet na fara bayani. Na ce zamanin kabireta ya wuce. Na ce da jarkar nan guda za mu je Shagari mu dawo mu sake komawa. Har na ce duk mai son a yi wa motarsa ya same ni a Sakkwato. (Allah ya sa dai ba wanda ya tambayi adireshi.)

A gaba mu uku ne: Baba a sitiyari, ni a tsakiya, sai Inna Tumba mai daddawa a bakin ƙofa, riƙe da igiyar. Tun kafin a yaye ni take shiga gaban motar nan duk ranar kasuwa, kuma bakinta ba ya ajiye magana.

Tafiya ta yi daɗi ƙwarai. Amarya na gudu kamar ta tuna ƙuruciya, Baba na ta gyara zama yana satar kallona. Ba mu yi wani nisa da gari ba sai ta yi tari, ta sake yi, ta mutu murus a gefen titi.

Na diro da saurina na ce ƙaramin abu ne. Na duba fiyus, lafiya. Na duba batir, lafiya. Na cire fulogi na ga wuta na zuwa. Na fito da ɗan ma'aunin lantarkina ina tsikarin wayoyi ina girgiza kai irin na masana, fasinja sun leƙo daga kan albasa suna kallona. Can sai Baba ya miƙa hannu bayan kujera ya ɗaga jarka, ta taso sakayau.

"Babu komi ciki," ya ce a hankali.

"Wagga ita ta mai sha kamar babur?" in ji Inna Tumba. "To baburan nan na wane gari na?"

Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na kare kaina. Na ce wataƙila jarkar ba a cike take ba tun farko. Mutumin da ya san nauyin jarkar nan fiye da yadda ya san nauyin jikokinsa, shi na gaya wa haka a gaban mutane! Ya saɓi jarkar ya taka zuwa wurin wasu 'yan bumburutu da muka wuce a baya, ya dawo da ita cike, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa.

Muka sake tashi. Muna hango gidajen farko na Shagari ta sake yin tarin nan, ta tsaya. Baba ya ɗaga jarka, ya ajiye.

Fasinja suka fara sauka suna ɗora kaya a ka. Masu zuwa kasuwa suka tsattsaya, har da wani direba da ya sha laccata da safe, ya faka ya fito yana gyara hula. Ni duk ba su ne suka dame ni ba. Baba ne ya zagaya gaban motar ya dafa bonet, ya daɗe a haka, sannan ya juyo.

"Ta gaji, ɗana. Kai ka yi iya ƙoƙarinka, Allah shi yi ma albarka. Gobe ka hwaɗa ma mai gwangwan shi zo, ba sai an sha ruwa ba."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce bari in duba ƙasa ko akwai inda ke yoyo, na kwanta da farar shaddar na shige ƙarƙashin mota. Gaskiyar magana ba yoyo na je nema ba, hawaye ne suka zo mini, kuma ba na son a gani. Ina ja da baya sai ƙeyata ta bugi tanki. Tankin da ya shekara da shekaru ba a zuba masa komai ba ya kamata ya yi ƙara kamar garwa. Wannan kuwa ɗif ya yi, har na ji abu na kaɗawa a ciki. Wani ɗigo ya faɗo mini a kumatu daga inda tsatsa ta ci, na shafa na sansana. Na ɗaga ido, ga tiyona na biyu da kyakkyawan ɗaurinsa.

Na ɗan jima a kwance ina lissafin ko zan iya zama a nan har kasuwa ta watse. Da na ga ba dama na fito, gabana ƙasa, bayana baƙin mai.

"Baba," na ce, muryata can ciki, "man yana nan."

"Ina?"

"Cikin tanki. Ni na haɗa tiyon da ke kwashewa daga jarka yana kai shi can."

"Duka?"

"Duka, Baba. Sai ɗan abin da tash sha."

Ya dube ni, ya dubi motar. Ya durƙusa da kansa ya ƙwanƙwasa tankin da ɗan yatsa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa har ya zauna a ƙasa.

"Jama'a, ku ji min! Ashe ba sha taka yi ba, ɓoyewa taka yi! Kowa na ɓoye mai ƙasag ga, Amarya ma ta koya!"

Wurin ya kaure da dariya. Direban nan na tasha har da riƙe ciki, yana tambaya ko har yanzu a Sakkwato za a same ni. Inna Tumba ta ce ita dama ta san duk wanda ya shiga gyaran mota da shadda mai sitati akwai magana.

Kunyar ba ta ƙare nan ba, domin sai an fito da man. Na zura tiyo a tanki na kafa baki na zuƙa, abin da Baba ke yi ido rufe, ni kuwa na cika baki da fetur har ya bi ta hanci. Ina tari ina tofarwa, hawayen da na ɓoye ɗazu suka samu dalilin fitowa a fili. Man ya fito ja saboda tsatsa. Inna Tumba, wadda ta gama yi mini tsiya yanzun nan, ta kwance ɗankwalinta daga ƙarƙashin mayafi ta miƙo.

"Ungo, tace da wanga. Kak ka kashe muna ita da gaske."

Muka tace, jarka ta cika, aka aro wata ita ma ta kusa cika. Na kwance tiyo na biyu na zura shi cikin jarka kusa da ɗan'uwansa, aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Muka shiga Shagari, muka yi kasuwa, muka koma Bodinga da la'asar. A ƙofar gida Baba ya ɗaga jarkar, ya sake ɗagawa, sannan ya miƙo mini ita in ji da hannuna. Da nauyinta sosai. Ya dafa kaina kamar yadda yake yi ina ƙarami, duk da warin fetur da nake yi.

Amarya ta ci gaba da zuwa kasuwanni har sai da idon Baba ya raunana ya ajiye tuƙi don kansa. A tasha kuwa sunana ya koma Malam Tiyo, kuma har yau akwai tsofaffin da ba su san ina da wani suna ba. Baba ya ba da labarin nan ga duk baƙon da ya zauna a tabarmarsa har ƙarshen ransa, amma kullum da "ɗana shi ya ceci motata" yake farawa, sai ya tabbatar an ji wannan da kyau sannan ya kawo zancen tanki.

Ɗalibaina kan yi mamakin yadda nake daɗewa a kan darasin tiyo guda ɗaya, ina ta nanata musu cewa kafin su yi murnar inda mai ke shiga su tambayi inda ragowar ke zuwa. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Ɗaya darasin kuwa ba na aji ba ne, nawa ne ni kaɗai: in dai ba makawa sai mutum ya tafka wauta a bainar jama'a, to ya roƙi Allah ya sa mai sonsa na tsaye a wurin, don ya riga kowa yin dariyar.