Madubin Bangon Gabas

Shekarar da soja suka koma bariki, ni ma na ƙudura sai na kawo canji a gidana na Ƙofar Na'isa. Falon ɗan tsukuku ne, ga teburin cin abinci ya cinye rabinsa. Na ji an ce madubi yana faɗaɗa ɗaki, sai na sayo wanda ya rufe bango guda. Matata ta buɗe baki za ta yi magana, na ce mata harkar tsari ba ta kowa ba ce.

Har surukina na gayyato ya ga wayewa. Ruwan sama ya tsare shi, La'asar ta yi, ya shimfiɗa buzunsa ya fuskanci alƙibla. A nan na tuna bangon da na zaɓa.

Ya daɗe a tsaye, sannan ya naɗe buzun.

"Shekara sittin ina sallah," in ji shi, "ban taɓa samun wanda ya tsaya a gabana yana hararata ba sai a gidanka."

Washegari matata ta lulluɓe madubin da zanin gado. Har yau idan na durƙusa gaishe shi, bayan ya tambayi iyali sai ya ƙara da, "Yaya tsohon nan na bango?"