Yadda Don Nemesio Ya Haɗiye Gashin Raguna

"Ni za a koya wa shan chiya?" in ji Don Nemesio, yana murza gashin baki a ƙofar shagon aski. Chiya dai ƙananan ƙwayoyi ne kamar riɗi, ana jiƙa su a sha. "Kakan kakana da tafin hannu ɗaya na chiya yake sheƙa gudu daga nan har bakin teku, ya dawo da kifi yana motsi. Jinin nan ne a jikina!"

Ka san Don Nemesio kuwa? Shi ne mai busa tuba a ƙungiyar makaɗan garinmu, ƙaton ƙahon nan da ke naɗe mutum kamar mesa. Shekara talatin yana busawa, shekara goma Fulgencio mai aski yana jiran haƙoransa su zube ya gaje shi. To a makon nan cikin gogan ya ɗaure tam. Ya narki cuku da tortiya, gurasar masarar nan, a gidan suruki, tun daga nan abin da ya shiga bai fito ba. Ga shi saura kwana shida Juma'ar Baƙin Cikin Maryamu, ranar da makaɗa ke bin jerin gwano a zaga gari. Shugaban makaɗa, Maestro Hilario, ya riga ya ja masa kunne: "Compadre, aminina, busarka ta jiya kamar ɗan akuya mai mura. In ba ka warware ba, Fulgencio ne zai ɗauki ƙahon."

Matarsa, Doña Crisanta, ta zaunar da shi. "Tsoho, saurara. Cokali ɗaya na chiya a kofin ruwa. Ka bar shi rabin awa ya jiƙa ya yi yauƙi, ka matsa lemun tsami, ka shanye. Sannan ka yi ta shan ruwa har yamma. Kwana biyu za ka ga sauƙi."

"Jiƙawa? Wannan ai na tsofaffi ne marasa haƙori. Namiji a bushe yake afawa."

"To namiji, Allah ya ba da sa'a."

Tana fita kasuwa ya shiga ɗakin girki. Can ya ga kwano cike da chiya, wadda ta ware don ragunanta na yumɓu. Kowace shekara tana shafe su da ita, ta tsiro kore shar kamar gashi, a jera su a bagaden Maryamu. Sarkin sani ya ɗaga kwano ya juye a baki. Rabi ya wuce, rabi ya tsaya a maƙoshi yana shawara. Ido ya firfito. Ya rarumi tulu ya kora da ƙyar, ya share hawaye, ya ce, "Haka kakan kakana yake yi."

Da Crisanta ta dawo ta ɗaga kwano ta ga wayam.

"Ina chiyar ragunana?"

"Ɓera ne."

"Ɓeran nan kuwa yana da gashin baki. Ga ƙwayoyi nan sun manne masa."

Kai da ka taɓa jiƙa chiya ka san halinta: in ta ga ruwa sai ta kumbura ninkin-ba-ninkin. Abin da ta ƙi yi a kofi, shi ta yi a cikin Don Nemesio. Kafin la'asar tumbinsa ya zama ganga, in ka ɗan ƙwanƙwasa har amsawa yake. Ya zauna ya yi nazari irin na manyan masana, ya gano mai laifi.

"Ruwa ne ya cuce ni! Daga yau ba ni ba ruwa."

"Tsoho, ruwan ne zai fitar da kai."

"Tsohuwa, ke da ragunanki. Ki bar wa masu ilimi harkar ciki."

Kwana biyu bai kurɓi ko ɗigo ba. Chiya ta daskare a ciki kamar siminti. Ranar Talata ya je gwajin kiɗa da igiya a ƙugu, don wando ya ƙi haɗuwa. Ya cusa kai cikin tuba, tuba ta sauko ta tsaya a kan tumbi ta ƙi gaba. Ya tattara ƙarfi ya busa, sai ga wani ɗan "fiii" kamar an taka ɗan tsako.

Fulgencio ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya. "Compadre, wata nawa ne? In an sauka lafiya ni ne uban baftisma, kada ka ba wani."

"Ƙarfi ne ya taru, kai mai aske ƙeyar jakai!"

Maestro Hilario dai ya ce, "Juma'a, compadre. Juma'a."

Ranar Alhamis gogan ya saduda, amma a ɓoye, kuma da nasa lissafin. In cokali ɗaya kwana biyu yake ɗauka, ai cokali goma sha biyu awa huɗu ke nan. Ya jiƙa su a bokitin wanki a bayan kejin kaji. Da safiyar Juma'a ya tsuguna ya shanye bokitin tas, ya bi da tulun ruwa, ya ƙara da busasshen ɓaure cikin hannu biyu don a yi ta ta ƙare. Awa huɗu ta wuce, shiru. Ya ce, "Ka gani ko? Jiƙon mata ba ya aiki." Ya ɗaura igiyarsa, aka taru mutum uku aka danna masa tuba, jerin gwano ya tashi.

Har kan kwanar kasuwa lafiya lau. Daga nan wani abu ya juya a ciki, kamar an buɗe madatsar ruwa. Gumi ya keto masa. Takunsa ya koma irin na amarya, gwiwa manne da gwiwa. Aka iso ƙofar coci, fada, limamin cocin, ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya, gari duka ya yi tsit don addu'a.

A cikin wannan tsit ɗin aka ji ta. Doguwa, mai kauri, mai zurfi, har tantabarun hasumiya suka watse. Kowa ya waiwayo wajen tuba. Bakin ƙahon kuwa yana can gefe, tazarar taƙi guda daga leɓen Don Nemesio.

Da hannunsa ya tuɓe ƙahon ya rataya wa Fulgencio.

"Riƙe min!"

"Har yaushe, compadre?"

"Har abada! Matsa min in wuce!"

Yadda ya keta taron nan, ka ce kakan kakan nasa ne ya dawo, sai dai shi bai kai bakin teku ba. A bayan gidan wata gwauruwa, Eduviges, ya tsaya ya sauke nauyi.

Da yamma ya fito a rame, wando na zamewa. Crisanta ta miƙa masa kofi: cokali ɗaya, jiƙaƙƙe, da lemun tsami. Yana cikin sha sai ga Maestro Hilario, daga nesa kuma ana jin Fulgencio yana ta busa.

"Compadre, na zo in yi maka barka," in ji Maestro, ya cire hula. "Shekara talatin ina jiran ka fitar da sauti mai daɗi irin na yau. Ashe duk tsawon lokacin nan ba ta inda ya dace muke sa maka ƙahon ba."