Jakin da Ya Nufi Iyaka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gyara dama da hagu ba. A tarihin ilimi mutane kaɗan ne suka ƙirƙiri harshe, kuma ni, malamin lissafi a wata lakol, wato makarantar boko, ta Gidan Rumji, ina cikinsu. Harshe ne na bai wa odinata, wato kwamfuta, umarni da Hausa zalla. Yaro ya rubuta "tafi" ko "dama" ko "hagu", sai wani ɗan jaki mai jan amalanke ya motsa a fuskar na'urar.

Aibinsa ɗaya. Da na rubuta shi, a raina ina tsaye ne gaban aji, fuskata ga yara, don haka damata ta zama hagunsu. Ka ce wa jakin dama, ya yi hagu. Yaran ba su taɓa ƙorafi ba. Sun saba da halinsa kamar yadda ake sabawa da kawu mai taurin kai, duk aikin da suka rubuta kuma a kan wannan karkata suka gina shi.

Sai aka ce sufeto zai zo ya gani, in ya gamsu a kai harshen sauran makarantu. Na zauna ƙarƙashin itacen bedi bayan la'asar, ina hango yara daga Sae Sabuwa har Gazawa suna kora jakina a kan hanyoyin haske, gero na kaɗawa gefe da gefe, ana ambaton sunana a hankali. (Har rigar da zan sa a hoto na zaɓa.) Na ce harshe mai irin wannan makoma ba ya tafiya da kuskure. Na gyara, ban gaya wa kowa ba.

Ranar zuwan sufeto, aji ya cika da iyaye. Hadiza, wadda ta fi kowa iyawa, ta kunna aikinta: jaki zai ɗauko wake daga Gidan Sori zuwa kasuwarmu, a kan taswirar da ta zana. Ya fito tsaf. A mararraba ta farko ya juya kudu, wajen iyaka, ya ratsa gonar wani, ya bi ta kan rijiya, ya miƙe.

"Mushe, me ka yi masa?" in ji Hadiza, murya ƙasa-ƙasa. (Mushe yara ke ce wa malami a nan.)

"Na gyara shi."

"Da lafiyarsa lau."

Kakanta, da ke zaune a gaba, ya gyara hula. "Malam, jakin nan ɗan sumoga ne? Na ga ya nufi Najeriya da waken."

Sufeto ya nemi a gwada na wani yaron. Goma muka gwada, goma suka ɓata. Ya sha ruwa, ya yi godiya, ya hau mota.

Na koyi cewa kuskuren da mutane suka yi gini a kansa ya zama harsashi, ba a zare shi sai an sallami masu ɗaki. Washegari na mayar da harshen yadda yake a da, na ƙara sababbin umarni ga masu son daidai. Har yau babu yaron da ya taɓa amfani da su.