Yadda Ɓera Mai Lamba Bakwai Ya Tozarta Ni

Ba zan taɓa mantawa da wulaƙancin da ɓera ya yi mini a gaban manya ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ina digiri na biyu a nan Bauchi. Bincikena a kan sashen ƙwaƙwalwa ne da ke bayan goshi, wanda ke aiki idan za a yanke shawara. Muna da fararen ɓeraye, kowanne an dasa masa siririyar waya a ka, tana aika saƙo zuwa kwamfuta. Sai a saka ɓera a akwati mai hanya biyu, kowace da fitilarta. In ya bi wadda aka kunna ya samu ruwan sukari, in ya bi ɗayar ya tashi a banza. Wata takwas ina hawan acaɓa daga unguwar Tirwun saboda waɗannan halittu (Hajiyarmu kuwa ta gaya wa maƙwabta likitan ƙwaƙwalwa zan zama, ni ma ban gyara mata ba).

Ɓerayena ba sa kuskure, musamman mai lamba bakwai. Har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Ranan nan aka kawo wata Farfesa daga wata jami'a don ta duba aikinmu. Dakta, malamin da ke kula da bincikena, ya ce in nuna mata. Na sha farar rigar aiki, na je na kunna fitilar dama, na tsaya a wurin kamar kullum, tunda kowane makunni yana jikin fitilarsa. Mai lamba bakwai ya nufi dama. Na koma hagu na kunna, ya nufi hagu.

"Ranki ya daɗe, dubi kwamfutar," na ce. "Kin ga yadda ƙwaƙwalwarsa ke auna hanya kafin ya zaɓa?"

Ba ta dubi kwamfutar ba. Ni take kallo.

"Malam, kunna ta dama, amma ka koma hagu ka tsaya."

Na yi yadda ta ce. Munafukin ɓeran nan ya bar fitila tana ci, ya taho inda nake yana shinshinar iska. Sau uku ana maimaitawa, sau uku yana bi na. Aka ɗauko wani ɓeran, shi ma haka.

"Me ke cikin aljihunka?" in ji Farfesa.

Na so in ce babu komai, amma ledar ta riga ta yi ƙara. Na zaro ƙuli-ƙuli, karin kumallona na kullum. Gari guda, a gaban ɗalibai, a ɗakin da ni da hannuna na rubuta "An Hana Cin Abinci" na manna a ƙofa!

Dakta ya cire tabarau a hankali. "Wato wata takwas hancin ɓera kake aunawa?"

Aka soke aikin gaba ɗaya, na sake daga farko. Abin da ya fi ƙona mini rai, ni ina tsaye gumi na zuba, shi kuwa ɗan banzan mai lamba bakwai yana ta miƙewa a kan ƙafa biyu yana jiran rabonsa. Ko kunya babu!

Tun daga ranar, in na ga ana bi na duk inda na nufa, ba na saurin cewa basirata ce. Aljihuna nake fara lalubawa.