Nonon Iyatu Ya Ƙi Kamawa

Jama'a, ran Talata da ruwan randa na dama furata, ni da nake zaune a Garwa, inda shanu suka kusa fin mutane yawa. Na leƙa gidan maƙwabciyata Iyatu mai nono in ji dalili, na tarar ta zabga tagumi gaban ƙwarya. Madarar da ta kwantar tun daren Litinin tana nan tsululu.

Ga waɗanda sai sha kawai suka sani, kindirmo ba ya kamawa sai an ɗiga wa madara ɗan tsohon nono, shi ne iri. Na Iyatu uwarta ce ta taho da shi daga Banyo, kullum ana rage kaɗan don gobe. Shi ke ciyar da gidan, ga shi saura cokali guda.

Ashe wani Ranka-ya-daɗe ne zai zo duba kiwon zamani, aka ga kwalayen fenisilin jibge ba a taɓa ba, abin kunya. Sai aka tura Mushe Théodore (Mushe shi ne Malam a Faransanci), mai allurar dabbobi, rugagen hanyar Ngong ya soki kowace saniya, mai ciwon hantsa da mai lafiya, rabi-rabi saboda adalci. Ba wanda ya tuna ya ce a dakata da tatsa.

Na raka Iyatu biro, wato ofishin dabbobi. Théodore, bawan Allah, ya rage murya ya ce maganin ne ke biyo madara yana kashe ƙwayoyin da ke sa nono tsami. Na tambaye shi, ƙwayoyin ciwon hantsar fa? Ya ce su kam rabin allura atisaye ne a wurinsu, yanzu ko cikakkiya ba sa ji, kuma suna nan lafiya lau cikin madarar da 'ya'yanmu ke sha.

Iyatu ta ce, "Mushe, to irina fa?"

Ya ce ta yi haƙuri, iri ba ya ƙarƙashin ofishinsu.

Mai Girma ya zo da jerin motoci. Aka nuna masa madarar da ta kwana ba ta yi tsami ba, ya kira ta cigaba, muka tafa. Ni ma na tafa, jandarma na kallo.

Jiya Iyatu ta juye cokalin ƙarshe cikin madarar da aka rantse mata ba ta allura ba ce. Da safen nan ta buɗe, ruwa ne. Ba ta yi kuka ba, ta wanke ƙwaryar uwarta ta kife. Wallahi raina ya ɓaci.

A duk arewar nan, ƙwayoyin ƙwaryar Iyatu kaɗai na sani suna aiki ba albashi ba mota. Su aka fara sallama.