Rasuwar Gwaggo a Ƙofar Wurin Gwajin Hayaƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tufafin da har yanzu ke warin hayaƙi, iyalan mai gyaran agogon nan na bakin kasuwa, wanda abokan sana'a ke kira Sannu-Sannu, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsu, wadda yaran gida suka laƙaba wa suna Gwaggo. Ta rasu ranar Talata da azahar a ƙofar fita ta wurin gwajin hayaƙin motoci, bayan jinyar makonni da ta ratsa hannun bakanike uku. Ta yi shekara ashirin da ɗoriya a hannun maigidan.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri da kawaici. Ba ta taɓa wuce wata mota a hanya ba, sai dai wadda aka ajiye. Masu keke sun sha gaishe ta su yi gaba. Maigidan, wanda ya tsufa yana leƙa cikin agogo, ya yi imani babu abin da ke kashe inji kamar gaggawa. Saboda haka allurar malejinta ba ta san abin da ke sama da arba'in ba. Tafiyarta kullum ɗaya ce, daga gida zuwa asibitin da matarsa ke aikin ungozoma, daga nan zuwa shago, tazarar da ba ta isa inji ya ɗumama ba. Jarirai da dama sun riga ungozomar isa ɗakin haihuwa. Ba a taɓa jin matar ta yi ƙorafi a gaban mutane ba, sai dai shimfiɗar ƙafa ta gefen fasinja ta huje daidai inda totur zai kasance da a can aka sa shi.

Maƙwabta ba za su manta da muryarta ta safe ba: "kyar-kyar-kyar", sai shiru, sai "kyar-kyar, bum", sannan "tuf, tuf, tuf" har ta sha kwana. Da jin "kyar" na farko matar gidan da ke kallon nasu take fitowa ta kwashe shanyarta.

Ciwon ajalin ya bayyana ne lokacin sabunta takardu. Motar da ba ta ci gwajin hayaƙi ba ba ta da izinin hawa titi, kuma dama uku ake ba kowa. Ranar gwajin farko maigidan ya wanke ta, ya goge ta, ya isa da wuri. A layi ya kashe ta don ta huta, yana tura ta da kafaɗa duk lokacin da na gaba ya matsa. Da aka zura mata bututun awo a salansa, ma'aikacin ya dubi na'ura, ya ja da baya, ya sa aka buɗe duka ƙofofin rumfar. Man da bai ƙone ba ya yi yawa a numfashinta, iskar guba kuma ta ninka abin da aka yarda da shi.

Bakanike na farko ya ce fulogi ne. An ciro su baƙi ƙirin, aka sa sababbi. Na biyu ya ce wanda ya taɓa fulogi bai san mota ba, matatar iska ce ta toshe, har ya zaro busasshen ganye daga ciki ya ɗaga sama don kowa ya shaida. Aka koma gwaji na biyu. Maigidan ya sake kashe ta a layi, wannan karon har da shimfiɗa mata jiƙaƙƙen tawul a bonet saboda rana. Ta sake faɗuwa.

Na uku surukin maigidan ne, mijin babbar 'yarsa, mai gareji, wanda ya daɗe yana kauce wa wannan aiki saboda kunya. Ya jona mata kwamfuta, ya tambaya cikin ladabi ko fitilar gargaɗi ba ta taɓa kamawa ba. Maigidan ya ce ya yi shekaru bai gan ta ba. Gaskiya ya faɗa. Shi da kansa ya liƙe ta da baƙin salatif, aiki mai tsabta irin na mai gyaran agogo, don kada ta riƙa tayar wa fasinja da hankali. Da aka ɓare, tana nan tana ci.

Surukin ya yi bayani kansa a sunkuye, ba ya haɗa kalma biyar bai saka "Baba" ba. Ya ce 'yar na'urar da ke sansanar hayaƙi ta daɗe da dakushewa, shi ya sa injin ke shan mai fiye da ƙima. Tukunyar da ke jikin salansa, wadda ke ƙone ragowar dattin, ba ta aiki sai ta yi zafi sosai, Gwaggo kuwa ba ta taɓa yin zafi ba. Toka ta taru ta cushe ta. Ya canja na'urar. Sauran maganin, in ji shi, ba a gareji yake ba. A hau da ita babbar hanya, a taka ta sosai, a kai ta gwaji da zafinta, kada a kashe. Bai furta cewa lallashi ne ya shaƙe ta ba, amma duk wanda ke wurin ya ji hakan.

Maigidan ya gwada da kansa. Ya kai arba'in da biyar, ƙafarsa ta ƙi. Dama ɗaya ta rage. Ranar Talata ya fito ya tarar da matarsa zaune a mazaunin direba, ta miƙo hannu ta taga. Lasisinta ya girmi motar. Ya ba ta makulli, ya zagaya ya zauna inda ta saba zama, ƙafarsa ta faɗa cikin hujin nan.

A giya ta huɗu Gwaggo ta yi tari, "gau!", ta tofar da wani baƙin gajimare da ya sa motar bayanta kunna fitilu da rana tsaka. A ta biyar ta yi wata murya da maigidan bai taɓa ji ba, "wuuuu", doguwa, mai santsi. Shi dai ya runtse ido tun daga tamanin. Daga baya ya shaida wa iyali cewa sautin bai yi kama da na mai shan wahala ba.

Sun isa da zafinta. Ma'aikacin ya auna, bai yarda ba, ya sake aunawa, sannan ya buga hatimi. Ta ci. Suna isa ƙofar fita, mai gadi ya ɗaga sanda, sai ta ce "ƙwas, ƙwas", tururi ya taso, ta ce "fuuus". Tiyon lagireto, wanda bai saba da irin wannan zafi ba, ya tsage tun a hanya, ruwa ya tsiyaye, injin ya buga. Allurar zafi kuwa ta daɗe da mutuwa ba wanda ya lura, tunda ba ta taɓa samun dalilin motsi ba. Surukin ya zo ya duba, ya rufe bonet a hankali da hannu biyu.

Ta rasu ta bar maigida da matarsa, 'ya'ya da jikoki, safaya guda da ba ta taɓa taka ƙasa ba, sababbin fulogi huɗu, baƙin tabo a bangon gida, da takardar shaidar tsabtar hayaƙi mai aiki har baɗi.

Ana karɓar gaisuwa a shagon agogo. Iyalin na roƙon masu zuwa su bar tambayar wanda ke tuƙi. Za a raka ta makwancinta wurin 'yan gwangwan ranar Asabar da safe, a bayan janwe. Da farko maigidan ya sharɗanta wa direban kada ya wuce arba'in. Jiya da yamma ya aika a janye sharaɗin, ya ce a bi da ita ta babbar hanya. Masu niyyar rakiya a keke su yi haƙuri, wannan karon ba za su cim mata ba.